Ruwan Wankinmu da Lemon Kawu

Kawu ya yi shekara arba'in da ɗaya yana gyaran famfo, kuma duk wanda ya zauna da shi minti goma sai ya ji wannan adadin, har da ɗayan da ke kan arba'in ɗin. Yayan mahaifiyata ne. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa tun ina rarrafe bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Gajere ne mai faɗin kafaɗa. Hancinsa ya daɗe da mutuwa, gam ɗin bututu da warin kwata sun cinye shi, amma kunnensa na hagu ba a magana. Zai ɗora bakin sukundireba a jikin bango, ya manna kunne a ƙotar, ya rufe ido, ya ce maka ga inda ruwa ke yoyo, a fasa a same shi. A wannan ban taɓa ganin ya yi kuskure ba. Inda Allah ya jarrabe shi shi ne baki, don bakin Kawu ba shi da linzami.

Da ƙarfinsa ya fara ja da baya, matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu kowa ya kama gabansa a wani gari, sai mai gidan hayar da muke ciki ya ba shi ɗakin ƙarƙashin matakala, shi kuma ya riƙa kula da famfunan gidan. Gida ne mai hawa uku, ƙofa tara, tsohon gini da fenti ya daɗe da yi wa sallama. Ni da maigidana muna hawa na uku. Ruwan famfo yana zuwa mana sau biyu a mako, Litinin da Alhamis, awa biyu in ya ga dama. Ranar ruwa ba a gaisawa a matakala, kowa da jarka a hannu biyu yana haki. Mu abin da ke damunmu ƙarancin ruwan. Shi Kawu abin da ke cin ransa shi ne ya ga mun sha wuyar hawa da ruwa har sama, mun yi wanka da wanki da wanke-wanke, sannan ruwan ya gangaro ta bututu ya faɗa kwata ya yi tafiyarsa.

"Shekara arba'in da ɗaya ina nuna wa ruwa hanyar fita," in ji shi. "Ko sau ɗaya ban taɓa ce masa tsaya ka ƙara wani aikin ba."

A bayan ginin akwai wani siririn fili, faɗinsa taku shida, tsawonsa taku ashirin, tsakanin bangonmu da katangar garejin makanikai. Babu komai a ciki sai fasassun kwalabe da tsoffin tayoyi. Kawu ya nemi izinin mai gida, ya share wurin shi kaɗai cikin wata guda. Yana da shekara saba'in a lokacin.

Ya fara da raba bututu. Na masai ya bar shi yadda yake, ya ce wannan ba abin wasa ba ne. Na wanka da wanki da kicin kuwa ya sauko da su gida uku, kowane hawa da nasa, kowanne da 'yar raga a bakinsa mai tare tarkace. Duk suna zuba cikin duro na farko, inda ruwan ke hutawa: maiƙo ya taso sama, datti mai nauyi ya kwanta ƙasa, na tsakiya ya tsallaka ta wani guntun bututu zuwa duro na biyu. Wannan tsakuwa ce a ƙasansa, yashi a sama. Na uku dakakken gawayi ne. Daga nan ruwan ya bi wani ɗan dogon rami da aka rufe da dusar katako, ya isa gindin itatuwa ba tare da ya ga rana ba. Ruwan da ya shiga duro na farko da kumfa da ƙarnin tukunyar jiya yakan fito daga na uku garau, har ka ga zanen tafin hannunka a ciki. Duk da haka ya hana a sha, ya hana a ajiye shi ya kwana, ya hana a zuba wa ganyen da ake ci ɗanye. Itace kawai, in ji shi.

Itacen kuwa lemon zaƙi ne ɗan aure, dashe bakwai, kowanne bai wuce gwiwa ba. Mai sayar da dashen ya ce masa shekara huɗu za su fara 'ya'ya.

"Shekara huɗu kawai nake roƙon Ubangiji ya ƙara mini, Uwata," ya ce da ni ranar da ya dasa na ƙarshe. "In ɓare guda ɗaya da hannuna, in san ruwan wankinku ne ya zama wannan. Bayan nan kowa ya sha nasa."

Da jan fenti ya rubuta dokokinsa a bangon matakala, inda ba yadda za ka hau ba ka gani ba. Ruwan wankin kunzugun jarirai a kai shi masai. A yi wanki da sabulun sanda, a rage na gari. Ta ukun ya ja mata layi biyu a ƙasa: kada a zuba bilic ko soda a magudana. Ya tara mu mata ya yi mana bayani, ya ce a saman yashin duro na biyu akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke cinye dattin.

"Ni duro kawai na jera, su ne ma'aikatan. Ranar da kuka zuba bilic, kun kashe mini ma'aikata."

"To Baba, suna da hutun ƙarshen mako?" in ji Amarya.

Amarya a hawa na biyu take. Shekararta goma sha huɗu da aure, 'ya'yanta biyar, amma sunan ya ƙi sakinta. Muka yi dariya har da tafawa, shi ma ya yi. Mun ɗauki maganar ma'aikatan nan irin zancen tsofaffi ne, wanda ake cewa to a wuce.

Shekara biyu lemon nan suka yi suna tashi ba wata matsala. Suka wuce ƙugu, suka kai kafaɗa, ganye kore shar. In ka tona gindinsu da yatsa sai ka ci karo da tana. Mazan gidan suka kai benci can, don nan ne kaɗai wurin da ido ke hutawa a layinmu. Mai aski na bakin hanya ya zo ya gani, Kawu ya haɗa masa irin nasa. Maigadin makarantar unguwa ma haka. Kawu ya ƙara ƙiba, tafiyarsa ta sake. Da abin ya tsaya nan, da ban zauna rubuta wannan ba.

Kowace Asabar da hantsi yakan cire ragogin nan uku ya wanke, ya kwashe maiƙon duro na farko da ludayi. A nan bakin nasa ya samu aikin yi. Raga ba ta ɓoye komai, shi kuma ba ya iya gani ya yi shiru, ga maza a kan benci suna jiran abin dariya.

"Hawan ƙasa an ci nama jiya, ba a kira mu ba."

"Hawa na biyu, wata tana ƙona shinkafa tana kankarewa a ɓoye."

Wata Asabar ya ɗaga wani dunƙulen gashi sama, ya karkata shi ga rana, ya ce akwai mai furfura a hawa na biyu, baƙi a sama fari a gindi, a gaya mata mai rinin nan yana cutarta. Mazan suka fashe da dariya, har da mijin Amarya. Ita kuwa tana tsaye a tagar kicin ɗinta tana ji. Kwana uku ba ta sauko ba. Kawu bai ma san ya yi wani abu ba, washegari da safe ya tsaya ƙasan tagarta yana tambayar ko zazzaɓi ne.

Ni ma na yi dariya a ranar, ba zan ɓoye ba. Tawa tana tafe.

An rufe wurin aikin maigidana, ya yi watanni yana fita da safe yana dawowa da yamma ba komai. Ban gaya wa kowa ba, ko mahaifiyata. Nakan rufe ƙofa in dafa abin da ya samu, in riƙa buga tukwane da ƙarfi wajen wanki don a ji gidan yana motsi. A hawa na uku mu kaɗai ke girki, sauran ƙofofin biyu gwauraye ne masu cin abinci a waje. Wata rana da la'asar na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Kawu ne, yana haki saboda matakala, da kwalbar man girki a baƙar leda.

"Uwata, kwana goma sha biyu ragarku ba maiƙo ko ɗigo. Riƙe wannan. In ya ƙare zan gani, ba sai kin faɗa ba."

Da murmushi ya faɗa, da ƙarfi kuma, don shi bai iya magana a hankali ba. Maigidana yana zaune a ciki, labule kaɗai ke tsakaninsu. Na karɓa na yi godiya. Ranar maigidana bai ci abincin da na yi da man ba, ya juya wa bango fuska. Ni kuwa ji na yi kamar an tuɓe mini zane a tsakiyar kasuwa. Ban taɓa jin haushin mutum irin yadda na ji haushin Kawu a ranar ba, kuma haushin ya fi zafi saboda ba ni da abin da zan ce ya yi.

Muka haɗu a ɗakin Mai Ɗinki ta hawan ƙasa, ni da ita da Amarya, bayan yara sun tafi makaranta. Mai Ɗinki ta girme mu, kuma ta fi mu sanin kan abubuwa. Ta tsayar da keke ta ce ai abu ne mai sauƙi. Soda tana narkar da maiƙo da gashi, bilic yana kashe ƙarni. In kowa ya zuba, raga uku za su fito tas, ba wanda zai san wa ya ci nama, wa ya kwana da ruwan zafi.

"Dokar fa?" in ji Amarya.

"Ke, wace doka? Abin wanke datti ne zai ɓata ruwa? Taimakonsa ma za mu yi. Dattijo kamar wannan yana cusa hannu cikin ƙazantarmu duk mako, ai mu ya kamata mu ji kunya."

Wannan maganar ta yi mana daɗi, don ta mai da abin namu kirki. Ni na ce murfi biyu ya isa, ranar Juma'a da rana, lokacin da yake barcinsa. Ni kuma na sayo kwalbar farko. Ina so a san da wannan, don daga baya kowacce a cikinmu ta so ta ce ba ita ta fara ba.

Asabar ta zo, Kawu ya ɗaga raga uku, duk fes.

"Kai! Matan gidan nan sun waye," ya ce da mazan benci. "Yau ba labari."

Muka kalli juna ta taga muna danne dariya. Sauran matan gidan suka ji sirrin, suka shigo ciki.

Bayan 'yan watanni duro na biyu ya fara wari, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Kawu ba ya jin wari, amma mu muna ji, makanikai ma suna ji, har suka fara kiran gidanmu gidan turare. Yanzu na san ma'aikatan ne suka mutu, datti ya rasa mai cinye shi. A lokacin abin da muka gani shi ne ƙazantarmu ce ta fito fili, har maƙwabta na toshe hanci. Sai muka ƙara. Murfi biyu ya koma huɗu, Juma'a ta koma kullum. Muka bar sabulun sanda muka koma na gari mai ƙamshi, muna zubawa da yawa don ya danne warin. Warin yana ƙaruwa, muna ƙarawa.

Shi Kawu abin da ya gani shi ne yashi ya yi baƙi ya yi yauƙi, ruwa ba ya sauka da sauri. Ya ce yashin ne ya gaji. Ya kwashe shi da kwano, ya je can ƙarshen layi inda ake juye yashin gini, ya riƙa ɗebowa bokiti-bokiti. Maza suka ce su taya shi, ya ce su ba su san yadda ake wanke yashi da tankaɗe shi ba. Sau uku ya yi wannan aikin a cikin shekara guda. A na ukun bayansa ya riƙe a tsakiyar hanya, aka kawo shi gida a baro. Likita ya duba bayan, ya saurari ƙirjin ya daɗe yana saurare, ya ce daga yau ko buta cike kada ya ɗauka.

Kafin nan itatuwan sun fara nuna alama. Bakin ganye ya fara ƙonewa kamar an kusanta masa ashana, gefe ya yi rawaya, sannan ya zube. Ƙasar gindinsu ta yi wani farin ɓawo a sama. Tanar da ke gindin ma ta ɓace. In an zuba ruwa sai ya tsaya, ba ya shiga. Kawu ya zargi gara, ya tona bai ga gara ba. Ya zargi mai gawayi. Ya zargi makanikai da cewa baƙin mansu ne ke tsiyayowa ta ƙarƙashin katanga, ya je ya yi wa babbansu tatas, mutumin da suka yi shekara ashirin suna shan shayi tare. Mu kuwa muna cewa zafin bana ne ya yi yawa. Ko mun sani? Ni dai akwai ranar da na tsaya da murfin bilic a hannu, zuciyata ta ce mini wani abu, na ce mata ta yi shiru, na zuba.

Babban makanikan ne, don ya wanke kansa, ya kawo 'yar ƙanwarsa, malamar gona ce. Ta zo da safe da 'yar jaka. Ta ɗebi ƙasa a kwalba, ta zuba ruwa ta girgiza, ta tsoma wani abu mai kama da alƙalami, ta duba lambar da ya nuna. Ta sake yi da ruwan duro na uku. Mu uku muna tsaye a bakin filin, kowacce da abin da ta ƙirƙiro na fitowa.

"Baba, gishiri ne," ta ce. "Ya cika ƙasar."

"Gishiri? Ruwan nan garau yake fitowa, 'yata. Duba ki gani."

"Na gani. Yashi da gawayi suna tare abin da ido ke gani. Gishirin da ke cikin garin sabulu da soda da bilic narkewa yake, ya wuce su duka. Rana ta shanye ruwan, shi ya zauna. Shi ne ke ƙona ganye, shi ne ya liƙe ƙasar. Ana zuba bilic ko soda a magudanar gidan nan?"

Kawu yana dogare da sanda, amma sai da ya miƙe ƙirji.

"A gidan nan? Ga doka can a bango da jan fenti. Matan nan 'ya'yana ne, ga uwata ma a tsaye. Ba za su yi mini haka ba."

Malamar ta juyo ta kalle mu. Amarya ta sunkuya tana gyara takalmi. Mai Ɗinki ta ce ta bar dutsen guga a kunne. Ni na kawar da kai gefe. Ina jin malamar ta gane, amma yarinya ce mai kunya, ba ta son ta kunyata manya a gidansu. Ta ce to wataƙila sabulun ne kawai ya taru, wataƙila kuma irin wannan aikin bai dace da irin wannan ƙasar ba. Na ga maganar ta shiga Kawu, kafaɗunsa suka sauka.

Ya tambayi magani. Ta ce akwai wani farin gari na gyaran ƙasa, za ta aiko da shi, amma shi kaɗai ba ya aiki. Sai an bi shi da ruwa mai daɗi da yawa, a hankali, ya wanke gishirin ya tura shi can ƙasa inda saiwa ba ta kai. Kowane itace kamar duro goma, kuma ba sau ɗaya ba. Itace bakwai ne. Gidanmu duka, ƙofa tara, ba ma samun duro goma a mako.

Daga ranar ba wadda ta sake zuba komai a magudana. Ba mu yi shawara ba, kowa dai ta daina. Ranar ruwa kowace mace ta riƙa rage bokiti ɗaya daga nata ta kai gindin lemo. Ƙasa ta sha 'yan bokitan nan da ƙyar, ba abin da ya sake. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne godiyar Kawu. Zai zauna a kan benci yana sa mana albarka ɗaya bayan ɗaya, yana gaya wa duk mai wucewa cewa matan gidansu sun hana kansu ruwa saboda tsoho. Shi ma jarkarsa guda ya daina wanka da ita, sai ya jiƙa tsumma ya goge jiki, ya roƙi wani ya kai masa sauran gindin itace.

Huɗu suka bushe kafin ruwan sama ya sauka. Muka sa rai ga damina, muka ce ga ruwa mai daɗi kyauta, duro dubu ma. Ruwan ya zo, amma ƙasar ta riga ta liƙe. Ya kwanta a filin kwana da kwanaki, ba ya shiga ba ya fita, saiwa ta ruɓe a ciki. Biyu suka bi. Saura ɗaya, na can ƙarshen rami kusa da katanga, wanda dama ruwanmu bai cika isa gare shi ba. Wannan ya yi fure, shekararsa ta huɗu ke nan, har ya ɗaura 'ya'ya ƙanana kamar kan ɗan yatsa. Kawu ya sa aka matsar masa da benci kusa. Kullum da safe sai a tarar wasu sun zubo. Yakan tsince su ya riƙe a hannu, ba ya cewa komai.

Shirun nan nasa shi ne abin da ban iya jurewa ba. Mutumin da a da ake roƙo ya yi shiru, yanzu sai a wuni ba a ji muryarsa ba. Ya ja sandarsa ya je wurin mai aski, ya je wurin maigadin makaranta, ya ce su cire duron da ya haɗa musu tun itatuwansu ba su mutu ba, ya yaudare su bai sani ba. Mai aski ya ce nasa lafiya lau suke, Kawu ya ce lokaci ne bai yi ba, ya tsaya a kansa har ya cire. Ya je ya ba babban makanikai haƙuri. Sau uku ina saukowa da niyyar faɗa masa, sau uku ina komawa da zancen ko ya sha magani. Na ce wa Amarya mu je tare, ta ce ita ba za ta iya kallon idonsa ba. Mai Ɗinki ta ce abin da ya wuce ya wuce, faɗar ba za ta tayar da itace ba, sai dai ta ƙarasa tsohon.

Wata Laraba da hantsi na leƙa ta taga na gan shi zaune a kan kifaffen bokiti gaban duro na farko, da sifana a hannu. Itacen ƙarshe ya zama sanda, ganye uku ko huɗu kawai ke reto a kai. Yana ƙoƙarin kwance mahaɗin bututu ya mai da ruwan kwata, sifanar tana zame masa. Na sauko ba ko mayafi. Na durƙusa a gefensa na faɗa masa duka, da sauri, kafin zuciyata ta sake hana ni. Soda, bilic, murfi huɗu, kullum, kusan shekara biyu, dukanmu, kuma ni na sayo kwalbar farko.

Ya ajiye sifanar a kan cinyarsa.

"Me ya sa, Uwata?"

"Ragar, Kawu. Kana ganin komai namu, kana faɗa. Gashin Amarya. Da ranar da ka kawo mini mai."

Ya ɗan yi tunani kafin ya tuna ranar.

"Na ɗauka kin ji daɗi," ya ce.

Na so ya zage ni, ya ɗaga sandar nan ya buga mini, da na samu sauƙi. Bai yi ba. Sai na ga fuskarsa tana sakewa a hankali.

"Tsaya. To ba duron ba ne ke nan."

"Ba su ba ne."

"Ba yashin ba ne, ba gawayin ba ne. Shekara biyun farko da ba ku zuba ba, ai kin ga yadda suka tashi!"

"Na gani, Kawu."

Ya yi dariya, irin tasa ta da, har tari ya sarƙe shi.

"Ashe aikin yana yi! Ashe ban yaudari kowa ba. To ai gyara ne kawai. A kwashe ƙasar nan kamu biyu a zubar, a kawo sabuwa. Sabon yashi, ni zan nuna muku yadda ake wanke shi. Ragar kuma kowace mace ta wanke tata da kanta, ni ba ruwana, na rufe bakina. Mai dashen yana nan, na gan shi kwanaki. In aka dasa da farkon damina mai zuwa, shekara ta farko su kama ƙasa, ta biyu su yi reshe, ta uku..."

Yana faɗa yana lanƙwasa yatsu. Da ya zo na huɗun sai ya tsaya. Ya kalli hannun, yana rawa shi kaɗai ba mai taɓa shi. Ya saurari numfashinsa da ke fita da ƙara tun daga 'yar dariyar nan. Shekara huɗun da ya roƙa ta riga ta cika, bai ƙarasa ƙirgar ba. Ya sauke hannun a kan gwiwa.

"Ɗaga ni, Uwata. Ƙafar ta yi sanyi."

Na sa hannu a hamatarsa na ja. Na gyara tsayuwa na sake ja, shi ma ya yunƙura, ban iya ɗaga shi ba. Muka zauna a nan, ni a durƙushe, shi a kan bokiti, muna jiran wani ya leƙo.